Kawu Sanda da Jirgi Mai Bene

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kawu Sanda a tashar Jega ya san ba a tashi sai an yi sanarwa. Sai ya zagaya motar yana bubbuga tayoyi da ƙafa, ya hau matakala, ya gyara hula, ya juyo ya fuskanci mutane.

"Jama'a, barkanku da shigowa. Sunana Alhaji Sanda, ni ad direbanku. Za mu tashi Jega mu sauka Maiyama in Allah ya yarda. Hanya lahiya lau, sai ramu ukku bayan gada. Mai akuya shi riƙe akuyatai."

Daga nan ya bi layi da ledar dabino yana miƙa wa kowa ɗaya. Ɗaya tak. In ka sake miƙo hannu, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce ko a jirgi ba a ƙari.

Ni Hadiza ce, 'yar ƙanwarsa, mai koyarwa a wata firamare a Sabon Gari. Cikin dangi kaf ni ya naɗa mai karanta masa labarin jiragen sama daga waya, aikin da ban nema ba, kuma ban isa in ajiye ba. Saboda haka in ana hirar Kawu a bar ni in yi magana, don ni na sha wuyarsa, ni kuma na fi kowa kewarsa.

Abin ya samo asali ne shekarar da ya je Makka. Kafin nan ƙananan motoci biyu gare shi, yana zaman lafiya da kowa. Sai aka sa su a wani ƙaton jirgi mai doro a ka, mai inji huɗu, ga matakala a cikinsa ana hawa sama. Kawu ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin gidan bene yana tafiya ba. Jirgi na daidaita a sama ya kwance bel ya nufi matakalar, wata ma'aikaciya ta tare shi cikin ladabi ta nuna masa kujerarsa. Bai yi fushi ba. Ya jawo wani malamin makaranta mai jin Turanci ya ce, "Tambaye ta, kwana nawa sunka yi suna lodi kahin shi cika haka?"

Malamin ya tambaya, ya juyo ya ce ta ce ba a lodi, kowa da kujerarsa tun daga gida.

Kawu ya ce, "Ɓoye muna takai. Suna da kamasho mai kyau, ba su so a ƙwace musu shi."

Yana dawowa, tun ba a gama zuwa yi masa barka ba, ya sayar da motocin nan biyu ya sayo doguwar bas mai kujera talatin da wani abu. Ya sa aka yi mata ƙarfen ɗora kaya a sama da tsani a baya, ya ce ga benensa. 'Yan tasha suka sa mata suna Hajiya Babba.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙananan motocin nan masu ɗaukar mutum bakwai, kafin ka shanye kofin shayi sun cika sun tafi. Hajiya Babba kuwa a fara mata lodi da hantsi, sai bayan azahar take motsi, shi ma rabi. Mutum ya shiga ya zauna, ya ga ƙaramar mota ta uku ta wuce shi, sai ya ce bari ya kama ruwa, shi ke nan ba a ƙara ganinsa. Waɗanda ke zama har ƙarshe su ne tsofaffin matan ƙauye, na wajen Giwa Tazo da makamantansu, masu buhu da turmi da kaji, waɗanda ƙananan motoci ba sa ko kallo. 'Ya'yansa biyu, Bello da Nasiru, tun a shekarar farko suka fara yi masa magiya ya rabu da ita ya koma ƙananan. Wannan rigimar ita ce ta cinye sauran rayuwarsa: su suna so a sayar, shi yana jiran ranar da za ta cika da mutane ya ba su kunya.

Kun san al'adar tasha ta fasinjan ƙarya. A samu masu zaman kashe wando a zaunar da su a mota, don wanda ya leƙo ya ga saura kaɗan ta cika, ya shiga. Na gaskiya na shigowa, na ƙarya na zamewa ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru Kawu na cewa shi bai je Makka don ya dawo yana wannan ba. Wata ranar kasuwa kamasho, mai tara masa fasinja, ya matsa masa har ya sakko. Aka je majalisar dattawan da ke zama a inuwar bakin tasha aka kwaso su kaf, da masu carbi da masu rediyo da mai gyangyaɗi, aka jera su a kujeru. Kamashon ya yi zalama, bai bar ko gurbi ɗaya ba sai na wata tsohuwa da ta riga su shiga da akuyarta.

Kawu ya dawo daga alwala ya leƙa ya ga kai, kai, kai har baya. Waɗanda suke wurin sun ce fuskarsa ta canza. Ya hau ya yi sanarwa, ya raba dabino, dattawa na karɓa suna murmushi don sun ɗauka cikin wasan ne. Sai suka ji an rufe ƙofa, an tayar da inji.

"Alhaji, mu hwa na ƙarya na."

"Ku yi shiru, ana tuƙi."

Bai tsaya ba sai Maiyama. A can ya saya musu fura, ya jira suka yi la'asar, ya maido su. Ɗaya a cikinsu ya bar takalmansa a inuwa, wani kuma matarsa ta aike shi sayen gishiri ne tun safe. Da Bello ya tare shi da faɗa ya ce ya ƙona mai a banza saboda tsohuwa ɗaya da akuya, Kawu ya ce, "Kai ba ka ji yadda takan kwanta bisa hanya in ta yi nauyi ba. Da ka ji, da ba ka wagga magana."

Akwai abokinsa tun na ƙuruciya, Mamman mai tsire, wanda tukubarsa ke bakin ƙofar tasha. Su biyun nan ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, kuma ba su taɓa cin abincin rana a rabe ba. Mamman ne ya fara jin labarin a rediyo, ya ajiye wuƙa ya tafi har gindin mota.

"Sanda, ka ji abin da anka ce? Kamhwanonin jirgi sun soke odar manyan jiragen da sunka ce a ƙera musu. Masu benen nan naka. Sun ce ba su cika, ga shan mai."

"Wa yac ce?"

"Rediyo."

"Rediyonka ko na mutane?"

Da yamma sai ga Kawu a gidana, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Malama, buɗe wayag ga." Na buɗe, na karanta masa. Gaskiya ne: wani kamfani ya fasa, wani ya rage, wani ya ce a musanya masa da ƙanana masu inji biyu. Kawu ya zauna a tabarma ya yi tagumi kamar an yi masa rasuwa. Can ya ɗago ya ce in ɗauko takarda da biro, zai ba su shawara, don ya ga alama ba su da manya a kusa.

Na rubuta, Allah ya gani, da hannuna. Na farko, su nemi kamasho mai murya, wanda ya san mutane da sunan iyayensu. Na biyu, su daina auna wa mutane kaya, don mai kaya shi ne fasinjan da ba ya gudu. Na uku, su bar talaka ya hau bene ko na minti biyar ne, zai koma garinsu ya ba da labari, gari guda ya taso. Na huɗu, su yi haƙuri, babbar mota ba ta son gaggawa. Ya sa na karanta masa sau biyu, ya dangwala hannu, ya kai wa wani maƙwabcinsa da zai tafi aikin hajji, ya ce ya ba direban jirgi hannu da hannu.

Bayan wata guda da 'yan kwanaki maƙwabcin ya dawo da wasiƙar a aljihu, duk ta yi laushi. Ya ce shi jirgin da aka sa su ba bene, ba doro, inji biyu ne kawai, shi ya sa ya rasa wanda zai ba.

Kawu ya karɓe abarsa da sauri ya ce, "Allah shi yi maka albarka da ba ka ba shi ba. Wanga ai abokin gaba na. Da yanzu sirrinmu na hannunsu."

Laifina ɗaya a wannan harka, kuma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Ranar da na ga labarin cewa masu ƙera jirgin da kansu sun ce za su daina ƙera shi, na rufe wayar na yi shiru. Lokacin an riga an ce yana da hawan jini. In ya zo ya ce me ake ciki, sai in ce ana kan tattaunawa. Mako uku ana kan tattaunawa a bakina. Shi kuwa kullum yana bakin tukubar Mamman yana bugun ƙirji, yana cewa 'yarsa mai ilimi ta tabbatar masa magana ba ta mutu ba. Har ranar da Mamman ya sa wani ya kunna masa labarin da Hausa a gaban mutane.

Kawu ya zo ya tsaya a zaure, na kawo ruwa ya ƙi karɓa.

"Hadiza, mi nay yi miki?"

Bai taɓa kirana da sunana ba sai Malama. Na ce tsoron hawan jininsa na ji.

"Hawan jinin nau na, jirgin ma nau na. Kin bar ni ina gardama da gaskiya gaban mahauta."

Na ba shi haƙuri har da hawaye. Ya zauna a dakali ya ce in karanto dalilinsu, kada in tsallake ko kalma ɗaya. Na karanta. Jirgin yana da wuyar cikawa. Inji huɗu sun fi biyu shan mai. Mutane sun fi son ƙarami da zai tashi yanzu ya kai su garinsu kai tsaye, ba sai sun jira an tara jama'a ba. Ba kowane fili ne ke iya karɓarsa ba. Ina karantawa ina satar kallonsa, don duk wanda ya san tashar Jega ya san labarin wa ake bayarwa.

Da na gama ya numfasa ya ce, "Wanga ba labarin jirgi ba na. Bello yab biya su sunka rubuta." Sannan ya miƙo hannu ya karɓi ruwan.

Daga nan abubuwa suka fara zamewa. Korona ta zo, na nuna masa hoton manyan jiragen an jera su a hamada an toshe musu injuna, ya sa fuskarsa dab da wayar yana ƙyafta ido. A ranar na gane ba ya gani sosai. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ga ciwon suga da ya hana a yi aikin da wuri. Ya ci gaba da tuƙi a haka, da hadda, har ranar da ya tsaya a hanyar Birnin Malam yana danna wa kututturen giginya hon wai ya ba shi hanya. Shugabannin tasha suka zo gida da girmamawa suka roƙe shi ya huta. Aka tura Hajiya Babba gindin dogonyaron ƙofar gida, kaji suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai.

Ba na ganin laifin Bello da Nasiru, ko da yake a lokacin na zage su tas. Mota na ruɓewa a tsaye, uba na bukatar magani, ba direban da zai karɓi bas ɗin da ba ta cika. Wata safiya suka zo da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, da tukunyar gas ɗinsu ta yanka. Kawu na jin ƙarar tukunyar a ƙasa ya san ko mene ne, don na taɓa ba shi labarin yadda ake yanka tsofaffin jirage a sayar da su gunduwa-gunduwa. Ya lallaba bango ya fita, ya hau motar, ya zauna a kujerar direba ya ja ƙofa.

"In za ku yanka, ku hwara da inda nika zaune."

Tun hantsi har la'asar yana ciki. Ta taga aka miƙa masa tuwo, ta taga aka miƙa buta. Mamman ya rufe tukuba ya zo ya shiga ya zauna kusa da shi, yana ce masa tsohon banza mai taurin kai, amma shi ma bai fito ba. 'Yan gwangwan suka gaji suka ɗora tukunyarsu a amalanke suka tafi. Kowa ya san za su dawo, shi ma ya sani. Kwanakin nan ya daina tsokanar kowa, ya daina tambayata labari, abin da ya fi komai tayar mini da hankali.

Ni ce na koma nema da kaina, ina duba wayar ko zan samo masa wani abu mai daɗi wanda ba ƙarya ba. Sai na ci karo da shi. Wasu daga cikin jiragen hamada an buɗe musu injuna sun koma aiki, tunda tafiye-tafiye sun dawo. Irin masu doron nan kuma, irin wanda ya kai shi Makka, da yawa an cire musu kujeru sun koma dakon kaya, kuma a wannan aikin ba a raina su. Na ruga na karanta masa.

Ya ce, "Sake."

Na sake.

"Kin tabbata ba tattaunawa ba ta?"

Na rantse masa. Ya murza gemu ya ce, "Kaya ba su cewa za su kama ruwa su gudu." Ya ɗaga murya ya kira Nasiru ya ce gobe a kai shi Aliero.

A Aliero akwai wani dillalin albasa, Alhaji Garba, da ya daɗe yana neman motar da za ta riƙa kwaso masa buhuna daga gonaki zuwa kasuwa. Kawu ya titsiye shi da tambayoyi kamar mai neman auren 'yarsa: wa zai tuƙa, yana salla, yana taka burki da hankali ko da haushi. Sannan ya yarda ya sayar masa da Hajiya Babba, amma ya kafa sharuɗɗa. Ba za a yanka ta ba muddin tana motsi. Ba za a sake mata fenti ba. Kuma kujera ɗaya ta bayan direba za a bari, duk tsohuwar da aka gani a bakin hanya da kaya a tsaya a ɗauke ta. Alhaji Garba ya yi dariya ya ce ya yarda, Kawu ya ce ba abin dariya ba ne, a kira shaidu.

Kujerun da kansa ya cire. Bello ya kawo makanike, Kawu ya kore shi. Ya durƙusa da sifana yana laluben noti da yatsa, kwana biyu yana yi, ba wanda ya isa ya taya shi sai dai a ɗauke kujerar in ya gama. Ni ina zaune a matakala ina jin yana magana ƙasa-ƙasa, yana faɗin wadda ta saba zama a kowace: wannan ta mai daddawa ce, wannan ta wadda ke amai in an wuce gada.

Ranar lodin farko muka kai shi Aliero, ni da Bello da Mamman. An gyara inji, an cika ta da albasa tun daga ƙasa har rufi, an ɗora wasu a sama an ɗaure. Muka kai shi jikinta. Ya dafa ta da tafin hannu ya bi ta tun daga gaba har baya. Ya sunkuya ya laluba sifirin ƙarƙashinta ya ji yadda ya kwanta. Ya miƙe ya zura hannu ta taga, hannun bai shiga ba, buhu ya tare shi.

"Malama, ta cika?"

Na ce, "Ta cika, Kawu. Ko allura ba ta shiga."

"Ba na ƙarya ko ɗaya?"

Mamman ya ce, "Duk na gaskiya na, Sanda. Shaƙi ka ji."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, mu ma muka taya shi. Sai na ga dariyar ta ƙare amma kafaɗunsa ba su daina rawa ba. Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Shekara nawa ina jiran in gan ta haka. Ranar da tac cika, ba ni da idon gani." Bello ya juya mana baya. Mamman ya ce albasar bana yaji gare ta, ya shiga share ido da hularsa.

Direba ya tayar, ta ɗaga a hankali ta hau kwalta. Kawu ya karkata kai yana saurare har ƙarar ta yi nisa, mu mun daina ji shi bai daina ba. Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ya yi saurin sa giya ta ukku. Ki hwaɗa mai, ba ta son haka."

Na faɗa wa direban, kuma ya gyara. Kawu bai kai albasar shekara ta gaba ba. Ya rasu da damina, a ɗakinsa, bayan gajeruwar jinya.

Allah ya jiƙan Kawu Sanda, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa fiye da hasken da ya rasa a duniya. Yadda bai taɓa barin mai nauyin kaya a bakin hanya ba, ya Allah kada ka bar shi da nasa. Amin.